Kafin a Mayar da Benen Ofis Gidan Zama

Tun da gwamnatin tarayya ta tattara ta koma Abuja a 1991, tsohuwar sakatariyarta da ke Ikoyi a Legas ta fara zama kufai. A 2006 aka sayar wa kamfanin Resort International ita a kan naira biliyan 7, domin a mayar da ofisoshin gidajen kwana 480. Aiki bai yi nisa ba gwamnatin jihar Legas ta tsayar da shi kan batun izinin gini, magana ta kai kotu, aka bar ginin da ƙadangaru. A Kano kuwa, gwamnatin Ganduje ta miƙa wa 'yan kasuwa tsohon otal ɗin Daula, wadda ta gaje ta ta sa katafila a kansa a Yunin 2023.

Ita dabarar ba ta da aibu: shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, iyalai a sama. Maiduguri ma tana buƙatarta. Rikici ya koro jama'a cikin gari, ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024 ta ci gidaje, kuma mai neman ɗakin haya a Moduganari ya san abin da ake ciki.

Sai dai ofis daban, gida daban. A hawa guda na ofis, banɗaki biyu a ƙarshen baranda sun wadatar. Gida kuwa kowanne da madafarsa da makewayinsa, dole a fasa dakali a bi da bututu tun daga sama har ƙasa, a nan kuɗin ke narkewa. Ɗakunan tsakiya ba su da taga, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ruwa fa? Ɗan ga-ruwa ba zai hau bene na takwas da jarka ba. Injin turo ruwa da lif duk wuta suke ci, a Maiduguri da ta shafe tsawon lokaci cikin duhu bayan an farfasa turakun lantarki a 2021. Sannan magidanci ba zai yarda iyalinsa su riƙa haɗa ƙofa da masu ciniki ba, sai an ware musu mashiga.

Don haka jama'a, in aka zo muku da zanen bene mai ƙyalli, ku nemi ganin takardar izinin jiha da rahoton injiniya, ku kuma tambayi wanda zai riƙa biyan kuɗin wuta da gyaran lif bayan an yanka ƙyalle.