Kula da Mota: Ƙananan Abubuwa Masu Ceton Rai

A wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan mota. Wani zai ce, ina ruwan manomi da mota? To, da ruwansa ƙwarai. A nan Kawaji da kewaye, da ƙauyukan da ke bin hanyar Haɗeja har zuwa Gezawa, sau da yawa mota ɗaya ce ke yi wa gidaje da dama hidima, ko ta ikilisiya ce, ko ta ƙungiyar manoma, ko ta wani ɗan'uwa mai zuciyar taimako. Ita ke kai kayan lambu kasuwar 'Yankaba. Ita ke kai tsofaffi Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari. Ita kuma ake nema da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama. In ta ƙi tashi a irin wannan dare, ba kuɗi kaɗai za a rasa ba.

Abin da muke so mu nuna shi ne, ba kullum babban ciwon inji ke tsayar da mota ko ya jawo rauni ba. Sau da yawa ƙananan abubuwa ne da muke taɓawa kowace rana: bel, ƙofa, taya, ruwa, fitila da makulli. Kula da waɗannan kuwa ba sai bakanike ba.

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna. Motocin wancan zamani, irin su 504, bakanike yakan gyara su a gindin bishiya da sifana da ɗan kayan aiki kaɗan. Yawancin waɗanda muke saye yanzu an riga an more su a Turai ko Amurka, watau waɗanda muke kira 'yan Kwatano. Suna da wayoyi da na'urori masu yawa, gyaransu da tsada, kayansu ma a kasuwar Ƙofar Ruwa ba araha. Ga kuma fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Saboda haka rigakafi ya fi magani.

Bel ɗin kujera

Wani injiniya mai suna Nils Bohlin, na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, shi ya ƙirƙiro irin bel ɗin da ke ratsa ƙirji da ƙugu a 1959. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, ta kuma fara tilasta ɗaura bel a 2003. Amma mutane da yawa har yanzu saboda tsoron jami'ai suke ɗaurawa, da an wuce su sai a kwance.

Ga dalilin bel. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo ta tsaya nan take, jikin mutum ba ya tsayawa. Yana ci gaba da wannan gudu har ya bugi sitiyari ko gilashi. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa bel yana rage haɗarin mutuwa ga na kujerar gaba da kusan rabi.

A ɗaura shi ta kan kafaɗa, ba ta ƙarƙashin hammata ba. Na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. Mace mai juna biyu ita ma ta ɗaura, ta sauke na ƙasan zuwa ƙarƙashin cikin. Kada a ɗaure bel ta bayan kujera don a kashe ƙarar da mota ke yi. Jakar iskar da ke cikin sitiyari tare da bel aka yi ta ta yi aiki, in babu bel ita kanta tana iya yi wa mutum rauni. Don a gwada bel, a fizge shi da ƙarfi. Idan ya cije, lafiya lau. Idan ya biyo hannu, ko ya fara tsintsinkewa, a canza shi.

Ƙofofi da yara

Wurin yara kujerar baya ne. Uwa ba za ta iya riƙe jariri a cinyarta ba idan aka yi karo, kome ƙarfinta da ƙaunarta. A gefen kowace ƙofar baya akwai wani ɗan maɓalli da ba a ganinsa sai an buɗe ƙofar. Idan aka tura shi, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba, sai daga waje. Don yara aka yi shi, mu yi amfani da shi.

Tun 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, saboda haka ƙofar dama ita ce ta bakin hanya. Ta nan yara za su sauka. Babba ma ya waiwaya kafin ya buɗe ƙofa, domin babur da a-daidaita-sahu ba sa jira.

Kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko na ɗan lokaci ne. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a inuwa. A cikin mota a rufe kuwa yakan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10. Ɗan sauke gilashi ba ya hana wannan. Idan mun ajiye mota a gida, mu kulle ta, mu ɗauke makulli daga inda hannun yara zai kai.

Taya

Yawan iskar da ya dace da kowace mota yana rubuce a jikin wata takarda da aka manna a bakin ƙofar direba. Ga yawancin ƙananan motoci bai wuce 30 zuwa 35 a geji ba. Mu faɗa wa mai faci adadin, kada mu bar shi ya cika da ƙiyasi. A gwada iska da safe, kafin taya ta yi zafi. Iska ta yi kaɗan, taya za ta yi zafi ta fashe, motar kuma ta ƙara shan mai. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya za ta cinye, birki kuma ba zai kama sosai ba.

Taya ma tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere da ke nuna lokacin da aka yi ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Kafin mu sayi taya ta hannu, mu karanta wannan, mu duba ko ta tsage ko ta kumbura. Araha ba ta ado, balle a kan taya.

Kada mu manta da safaya. A duba iskarta kowane wata, a tabbata jak da sifanar taya suna cikin but. In za a canza taya, a ja birkin hannu, a tare wata tayar da dutse, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ruwa, baƙin mai da batir

Da safe, kafin a ta da inji, a tsayar da mota a wuri mai daidai. A zaro sandar gwajin baƙin mai, a goge ta, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyun da ke jikinta. Idan jar fitila mai kamar buta ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan da nan a kashe inji. Ci gaba da tafiya na 'yan mintoci yana iya kashe injin ɗungum.

A duba ruwan lagireto inji yana sanyi. Kada a taɓa buɗe murfinsa yana da zafi. Ruwan yana cikin matsi, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, da an buɗe zai feso a fuska da hannu. Ruwan rijiya yakan bar tsatsa da ƙasa-ƙasa su toshe hanyoyin lagireto. Ruwan da aka yi musamman don wannan aiki ya fi. Man birki kuma, idan yana raguwa da sauri, akwai inda yake yoyo. Kada a ɗauki kowa sai an gyara.

Batir yakan tara farin gari a kawunansa, wannan kuwa yana hana mota tashi. A cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, a wanke kawunan da ruwan zafi da buroshi, a ɗaure su tamau, a shafa ɗan giris. Ruwan batir yana ƙona fata da tufafi, a yi hankali da ido. Motar da ba a hawa kullum, a ɗan yi tafiya da ita sau ɗaya a mako don batir ya samu caji.

Kada a bar inji yana aiki a cikin gareji a rufe, kada kuma a kwana a mota da inji a kunne don shan sanyi. Gubar da ke cikin hayaƙin salansa ba ta da wari, irinta ce ke cikin hayaƙin janareto da ke kashe iyalai suna barci.

Hunturu da damina

Da hunturu ƙura tana toshe matatar iskar inji, sai mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai. A ciro ta a kakkaɓe kowane mako, in ta yi baƙi a sayi sabuwa. Kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi. A zuba ruwa tukuna. Idan hazo ya yi yawa, a kunna fitila ko da rana ne, a rage gudu.

Rana tana busar da robar waifa, saboda haka a duba ta a watan Mayu kafin ruwa ya sauka. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a tituna, kada a shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba. Idan inji ya zuƙi ruwa ya mutu, kada a sake murza makulli, a tura motar waje a kira bakanike. Bayan an fita daga ruwa a taka birki a hankali sau biyu ko uku don ya bushe.

Sau ɗaya a mako a sa wani ya tsaya a waje, a gwada masa fitilun gaba, da sigina, da fitilar birki. Mota mai ido ɗaya da dare, na gaba zai ɗauka babur ce.

Tsaron mota

A kulle ƙofofi a ɗaga gilashi ko da sayen burodi za a shiga. Bayan an danna makullin zamani, a ja hannun ƙofa a tabbata ta kullu. Yawancin irin waɗannan makullai suna da ɗan makullin ƙarfe a ɓoye a ciki, domin ranar da batirinsu ya mutu. Kada a bar jaka ko waya a kan kujera. Ƙarfen kulle sitiyari ba shi da tsada, ɓarawo kuwa ba ya son aikin da zai ɓata masa lokaci.

A rubuta lambar mota, da lambar inji, da lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 da ake gani ta ƙasan gilashin gaba. A ajiye su a gida tare da kwafin takardun mota. Kada takardu su kwana a cikin mota. Makulli na biyu ya zauna a hannun amintaccen mutum. Kada a ajiye jarkar fetur a but. Idan kuwa, Allah ya kiyaye, masu makami suka tare mu, mu ba su makulli ba gardama. Ana sake samun mota, ba a sake samun rai.

Littafin mota

Jakin jama'a yunwa ke kashe shi, motar jama'a ma haka take in kowa yana hawa ba mai kula. Shawararmu ga ikilisiyoyi da ƙungiyoyi ita ce a zaɓi mutum ɗaya ya zama mai kula da motar. A sayi littafi a ajiye a ciki. Duk wanda ya ɗauke ta ya rubuta ranar, da inda ya je, da kilomita nawa, da man da ya zuba, da duk wata ƙara da ya ji. A rubuta ranar juyen mai na gaba. A kowace tafiya a ware ɗan kuɗi a asusun gyara, don kada sayen taya ya zama sai an yi roƙo ranar Lahadi. Da dare kuma kada ta kwana ba mai a tanki.

Kowace Asabar da safe a ba ta minti 15: baƙin mai, ruwa, man birki, taya biyar, fitilu, waifa da bel. A koya wa matasa, maza da mata, su riƙa yi tare da mu.

Muna addu'a kafin mu kama hanya, haka ya kamata. Amma abin da Allah ya danƙa a hannunmu amana ne, rayukan da muke ɗauka kuwa sun fi motar daraja. Mu yi addu'a, mu kuma duba taya. Allah ya kiyaye fitarmu da komowarmu. Amin.