Jari ɗaya, sana'a biyu: nawa aka zuba a kowace?

A Yamai akwai ƙungiyoyin mata da ke raba jarinsu gida biyu. Kashi ɗaya a sayi raguna a kasuwar Turaku, a turke su har Layya. Ɗaya kashin a sari albasar Galmi lokacin da take araha, a ajiye har ta yi tsada. Ranar rabon riba gardama kan tashi in ba a rubuta kome dalla-dalla ba.

Ga misali. Wata ƙungiya ta tara jikka 100. Raguna sun ba da ribar 30 bisa ɗari, wato kowace jikka 10 ta haifi jikka 3. Albasa ta ba da 20 bisa ɗari, wato kowace jikka 10 ta haifi jikka 2. Ribar duka ta kama jikka 26. Amma takardar rabon jari ta ɓace. Masu kiwo na son a ba su ladansu bisa abin da ragunansu suka kawo. To, nawa aka zuba a raguna, nawa a albasa?

Lissafi na iya maido da abin da takarda ta tafi da shi.

Da farko a ɗauka duk jikka 100 albasa aka saya. Da riba ta tsaya jikka 20. Amma a cikin asusu akwai 26. Rarar jikka 6 ke nan, kuma raguna suka kawo ta.

Sai a duba: duk jikka 10 da aka ɗauke daga albasa aka kai ga raguna, riba na ƙaruwa da jikka 1, don 3 ta fi 2 da ɗaya. Kafin a samu rarar jikka 6, sai an kai jikka 10 har sau 6. Ashe jikka 60 aka zuba a raguna. Sauran 40 na albasa ne.

A gwada a gani. Jikka 60 na raguna sun ba da 18. Jikka 40 na albasa sun ba da 8. An haɗa, 26 cif.

Ƴan lakwal na kiran wannan lissafi aljabra. Sunan ya fito daga littafin Al-Khawarizmi, wani malami na Bagadaza, wajen shekara ta 820. Su kan sa harafin x a madadin kuɗin da ba a sani ba, amma hanyar ɗaya ce.

Akwai wani tarko da ke kama har masu karatu. Wani ya haɗa 30 da 20, ya raba biyu, ya ce ribar ƙungiya 25 bisa ɗari ce. Hakan na yiwuwa ne kawai in an raba jari daidai wa daida, 50 da 50. A nan raguna sun ɗauki kashi mafi yawa, shi ya sa riba ta kai 26. Magatakardan da ya rubuta 25 ya bar jikka guda ba mai ita.