Wasan Ces a Gasar Ƙungiyoyi

Wasan ces na mutum biyu ne. Ana yin sa a kan allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. Wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita, shi ne ya ci. To, amma akan yi gasarsa tsakanin ƙungiyoyi, kamar yadda aka yi a Wasannin Afirka a Abuja a shekarar 2003.

A irin wannan gasa, galibi kowace ƙungiya takan zaunar da mutum huɗu a kan alluna huɗu, gwaninsu a allo na farko. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, wanda aka cinye ba shi da komai. Idan kuwa aka yi kunnen doki, wato canjaras, kowa ya ɗauki rabin maki. Ƙungiyar da ta tara biyu da rabi ita ce ta yi nasara.

Yanzu ɗauka kai ne a allo na huɗu. Abokanka uku sun gama: ɗaya ya ci, biyu sun yi canjaras. Kuna da maki biyu ke nan, su kuwa ɗaya. Rabin maki ya ishe ku. Ko da ka hango wata dabara mai ƙayatarwa, in dai akwai kasada a cikinta, ka bar ta, ka kare sarkinka. Abokin karawarka ne ke cikin tsaka mai wuya, domin canjaras ba ya fitar da ƙungiyarsa. Dole ya kawo hari, ko da allon bai ba shi dama ba, ga agogo kuma yana cin lokacinsa.