Jab We Met: Abin da Ke Bayan Dariyar Geet

Finafinan Indiya ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin gidajen sinima ake kallonsu, har zuwa yau da ake fassara su da harshenmu. Sai dai sau da yawa waƙa da rawa kan ɗauke mana hankali daga ainihin saƙon. Jab We Met, wanda Imtiaz Ali ya ba da umarni a shekarar 2007, ya cancanci a sake kallonsa da idon basira.

Labarin ya fara ne a jirgin ƙasa da ya taso daga Mumbai. Shahid Kapoor ya fito a matsayin Aditya, ɗan attajiri wanda duniya ta yi wa zafi bayan rasuwar mahaifinsa, ga kuma budurwarsa ta auri wani. Nan ya gamu da Geet, wato Kareena Kapoor, 'yar Punjab mai ɗan karen surutu. Da jirgin ya tafi ya bar su a hanya, sai ta ɗora masa laifi, ta tilasta masa ya raka ta gida Bathinda. Rabin farkon nan raha ce zalla.

Nauyin fim ɗin yana rabi na biyu. Geet ta gudu daga gida zuwa Manali don ta auri Anshuman, saurayin da iyayenta ba su sani ba, shi kuwa ya juya mata baya. Bayan wata tara Aditya ya same ta a Shimla tana koyarwa, bakin nan ya mutu, fara'a ta gushe. Abin lura shi ne bai yi amfani da rauninta don ya mallake ta ba. Ya mayar da ita gaban iyayenta, ya bar mata zaɓi. Rawar da Kareena ta taka a nan ta kawo mata kyautar Filmfare.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne yadda ya wuce zullumin iyaye da gaggawa, ya rufe shi da biki. A zahiri ba kowace yarinya da ta bar gida don alkawarin saurayi take gamuwa da irin Aditya ba. Matasanmu su yi dariyarsu, amma su daɗe suna duban fuskar Geet a Shimla.