'Yan Sandan Jihohi: A Ɗaura Linzami Kafin A Hau Doki

Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak za ta kasance a Najeriya, kuma ba za a kafa wata ba, ko a tarayya ko a wata jiha. Wannan runduna, wadda aka fi ƙiyasta yawan jami'anta da kimanin dubu 370, ita aka ɗora wa tsaron mutane fiye da miliyan 200, daga Legas har Malam Fatori. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya zauna da gwamnoni a watan Fabrairun 2024 suka amince a duba batun kafa 'yan sandan jihohi, muhawarar ta sake zafi, musamman a Arewa inda garkuwa da mutane ta hana manoma noma. Masu goyon baya suna ganin waraka ce, masu adawa kuma suna ganin bai wa gwamna bindiga ne. Hujjojin da ke ƙasa sun fi karkata ga a kafa su, amma da sharaɗi mai nauyi: a fara rubuta wanda zai iya taka musu birki kafin a raba musu kaki da makami.

Matsalar tsarin da aka gada ta fara ne daga wajen ba da umarni. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya nemi a kai umarnin gwamnan gaban shugaban ƙasa ko minista kafin ya aiwatar. Naɗinsa, ƙarin girmansa da sauyin wurin aikinsa duk daga Abuja suke fitowa, saboda haka can kunnensa yake. Ga kuma yadda ake tura jami'i garin da bai san harshensa ba, bai san hanyar dajinsa ba, kafin ya gane gari a sake ɗauke shi. Aikin ɗan sanda kuwa rabinsa bayanan sirri ne, kuma mutumin ƙauye ba ya raɗa wa baƙo sunan mai kai wa 'yan bindiga burodi da fetur. An kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka sake yi a Kuriga a Maris na 2024. A kowane karo ayarin 'yan bindiga ne ya isa makaranta, ya fita da yara, ba a samu rundunar da ta iya tare shi ba. A lokaci guda dubban jami'ai na gadin manyan mutane da riƙe musu jaka, abin da manyan sufetocin 'yan sanda da dama suka yi ta shelar sun hana, har shi kansa shugaban ƙasa ya sake ba da umarnin a janye su a Nuwambar 2025.

Abin da ake yawan mantawa shi ne jihohi sun riga sun kafa rundunoninsu, suna ne kawai ba a ba su ba. Borno na da 'yan kato da gora tun 2013. Jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa fiye da 2,600 a Janairun 2024, Sakkwato ma ta bi sahu. Waɗannan matasa suna fuskantar masu manyan bindigogi da makaman da ba su kai nasu ba, horonsu na 'yan makonni ne, kuma tsarin mulki bai ba su matsayin 'yan sanda ba. Idan suka kama mutum sai sun miƙa shi caji ofis, idan kuma suka zalunci wani, hanyar kai ƙara ba a fili take ba. Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara ya isa darasi, domin kisan da aka riƙa yi wa waɗanda ake zargi a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu gabar jini tsakanin manoma da makiyaya. Ashe zaɓin da ke gaban ƙasa shi ne ko a bar masu makaman jihohi a inuwa, ko a shigar da su ƙarƙashin doka mai iyaka da hukunci. Na biyun ya fi aminci ga kowa, har da su kansu matasan.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa ke riƙe da ita tarihi ne, kuma ba ta cancanci a raina ta ba. Arewa ta taɓa samun 'yan sandanta na gida, wato 'yan dokan En'e, waɗanda suka samo asali daga dogaran sarakuna. A shekarun 1950 da farkon 1960 magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsu: a hana su izinin lacca, a kama su, a kai su gaban alƙali, kafin yamma suna gidan yari. Haka aka yi da 'yan adawa a Jihar Yamma. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta Yakubu Gowon ta haɗe 'yan dokan cikin rundunar tarayya. Masu adawa suna ƙarawa da misali na yau: hukumomin zaɓe na jihohi, inda kusan kullum jam'iyyar gwamna ce ke lashe kujerun ƙananan hukumomi baki ɗaya. Gwamnan da ya iya haɗiye hukumar zaɓe da majalisar dokoki, in ji su, ba zai bar rundunar da ke ɗauke da makami ta sha iska ba.

Sai dai idan aka dubi tarihin da kyau, abin da ya lalata 'yan doka shi ne hukuma ɗaya ce ke riƙe da mai kamu, mai shari'a da mai gidan yari, babu wanda zai ce mata kul. Tattara iko a Abuja ma bai kawar da zalunci ba. Rundunar SARS da matasa suka yi wa bore har aka rushe ta a ranar 11 ga Oktoban 2020 ta tarayya ce. Shugabancin rundunar kansa bai tsira daga siyasa ba. Daga 1999 zuwa 2023 mutum 13 aka naɗa a kujerar Sufeto Janar, wato kusan shekara biyu-biyu ke nan kowannensu. An ɗaure Tafa Balogun a 2005 kan almundahana, an sallami Suleiman Abba a Afrilun 2015 makonni kaɗan bayan zaɓe. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta yanka wa kujerar wa'adin shekara huɗu, sai ga shi a 2024 an gyara ta domin mai riƙe da ita a lokacin ya ci gaba bayan ya cika shekara 60. Duk inda mutum ɗaya ke naɗawa ya kuma cire a lokacin da ya ga dama, jami'i zai bauta masa ne, ko a fadar shugaban ƙasa yake ko a gidan gwamnatin jiha.

Saboda haka sharuɗɗan su ne ainihin maganar, kuma wajibi ne su shiga tsarin mulki, kada a bar wa majalisun jihohi su rubuta wa kansu. Shugaban rundunar jiha ya fito daga jerin sunayen da wata hukuma mai zaman kanta ta tantance, ya yi wa'adi ƙayyadadde, kada a cire shi sai da kashi biyu cikin uku na majalisa bisa laifin da aka bayyana a fili. Hukumar ɗaukar ma'aikata da ladabtarwa ta ƙunshi wakilan lauyoyi, 'yan ƙwadago, mata da sarakuna, waɗanda ba gwamna ne ya zaɓo su ba. Ɗaukar aiki ya game kowace ƙaramar hukuma da kowace ƙabila da addini, domin a jiha irin Kaduna, Filato ko Taraba rundunar da ta zama ta ɓangare ɗaya sabuwar fitina ce. A hana su aikin zaɓe kwata-kwata. Horo da rajistar makamai su kasance bisa ma'auni ɗaya na ƙasa, kuma tarayya ta sami ikon karɓe rundunar da ta kauce hanya, bisa umarnin kotu.

Hujja ta biyu ta masu adawa kuɗi ce. A 2015 sai da gwamnatin tarayya ta ba jihohi da yawa bashin ceto domin sun kasa biyan albashi na watanni. Malamin makarantar da ba a biya ba yajin aiki zai yi, amma mai bindigar da ba a biya ba shingen karɓar na goro zai kafa a kan titi. Amsar ita ce kada a tilasta wa jihohi 36 su fara rana ɗaya. Jihar da ta nuna za ta iya ita za a ba lasisi, a riƙa cire albashin jami'anta kai tsaye daga kasonta na tarayya kafin kuɗin ya isa hannun gwamna. Kuma ba daga sifili za a fara ba, tunda jihohi ne ke saya wa 'yan sandan tarayya motoci da mai tun da daɗewa. Legas ta kafa asusun tsaro tun 2007 saboda haka. Ga kuma kuɗin tsaro da gwamnoni ke kashewa duk wata ba tare da an bi diddiginsu ba. Shigar da su cikin kasafin da odita zai duba riba ce a kan kanta.

Ko da an cika duk waɗannan, kada a ɗora wa sabuwar rundunar abin da ba za ta iya ba. Ɗan bindigar da ya yi ɓarna a Jibiya yana iya kwana a dajin Rugu ya wayi gari a Zamfara ko yankin Maraɗi, don haka manyan laifuka, iyakoki da fasa-ƙwaurin makamai dole su zauna a hannun tarayya. Kamu kuma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa majistare ya ziyarci caji ofis duk wata, dokar 2017 ta haramta azabtarwa, an kuma rubuta cewa beli kyauta ne, amma talaka ya san abin da yake tararwa. Ƙara masu kamu ba tare da gyara kotu ba cunkoson kurkuku kawai zai ƙara.

Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai da kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma abu ne mai yiwuwa, domin ta haka aka ba jihohi hurumin gidajen yari, lantarki da jiragen ƙasa a 2023. Ke nan ɗan majalisar mazaɓarka yana da ƙuri'a a wannan magana. Kada a tsaya tambayarsa ko yana goyon baya. A tambaye shi wa zai naɗa shugaban rundunar, wa zai iya cire shi, daga ina albashi zai fito, kuma ina wanda aka zalunta zai kai kuka. Tsarin da ya amsa waɗannan tambayoyi a rubuce ya cancanci goyon baya, wanda kuma ya bar su a hannun gwamna a ƙi shi.