Kafin ka sayi hitar gas don wurin iyo a Suleja

Tun da Abuja ta bunƙasa, Suleja ta zama masaukin ma'aikata da 'yan kasuwa. Daga Madalla, gindin Dutsen Zuma, har zuwa Kwamba da Maje, gine-gine sai ƙaruwa suke yi, kuma masu hali sun fara sha'awar wurin iyo a cikin gida. Amma da hunturu ya kama a Disamba da Janairu, sai ruwan ya yi sanyin da yara ba sa iya shiga. A nan ne maigida ke fara tunanin hitar gas.

Shawarar farko ita ce a yi lissafi kafin a je kasuwa. Wurin iyo mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000. Yawanci jiki na jin daɗin iyo ne a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 28. Idan ana so a ƙara wa wannan ruwa digiri 5 kacal, sai an ƙone gas kusan kilo 27, wato fiye da tukunya biyu ta kilo 12.5, ko da hitar mai kyau ce. Hitar da ke ba da zafin kilowat 30 za ta shafe kimanin awa 9 tana wannan aiki.

Ba a nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Mafi yawan ɗumin yana gudu ne ta saman ruwa, domin busasshiyar iskar hunturu na kwashe shi a matsayin tururi, musamman da dare. Saboda haka murfin leda da ake shimfiɗawa a kan ruwan ya fi hitar kanta muhimmanci. Wanda ya haɗa murfi da baƙaƙen bututai da aka jera a rana, zai ga ranar Suleja ta ɗauke masa babban kaso na aikin a kyauta.

Idan har sai an sayi hitar, a tambayi mai kaya abu biyu. Na farko, wane gas take ci? Wasu hitocin an ƙera su ne don gas ɗin bututu irin na gidajen Turai da Amurka, mu kuwa na tukunya muke amfani da shi, kuma musanya su haɗari ne. Na biyu, da wane ƙarfe aka yi bututun cikinta? Sinadarin kulorin, idan ya yi yawa, yana cinye jan ƙarfe, amma wanda aka gauraya da nikel ya fi juriya.

Sai batun rai, wanda ya fi komai. A girka hitar a fili, kada a kuskura a kulle ta a ɗaki. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, sai ciwon kai da jiri, daga nan suma da mutuwa. Harshen wutar ya zama shuɗi. Idan ya koma rawaya, a kashe a kira gwani. Gas ɗin tukunya kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka kada a ajiye tukunya a rami.

Wannan gargaɗi ya shafi har mai dafa bokitin ruwan wanka da asuba: kada a shiga banɗaki da risho, gawayi ko tukunyar gas a rufe ƙofa. Jama'a, rigakafi ya fi magani.