Ramin sauti a gaban kwamfuta: a buɗe ciki ko a soka ta USB?

Duk wanda ya taɓa durƙusawa ƙarƙashin tebur da fitilar waya a hannu, ƙura na shiga masa hanci, don kawai ya soka hedfon a bayan kwamfuta, ya san amfanin ramukan sauti a gaba. Hanya biyu ake bi: ko a ɗaura ƙaramin faifai mai ramuka a gaban akwatin a haɗa shi da madabod, ko a sayi ɗan na'urar sauti mai shiga ramin USB.

Ta farko ce ta fi kwanta mini a rai. Faifan yana zama a gurbin inci 5.25 da na'urar CD ta bari, ko na inci 3.5, da koren rami na hedfon da mai ruwan hoda na makirufo, launukan da tsarin PC 99 ya yaɗa. Wayarsa tana sauka kan wasu filoli tara a madabod, galibi an rubuta F_AUDIO ko AAFP ko JAUD1 a gefensu. A nan ake buƙatar natsuwa, domin mahaɗin USB na ciki shi ma filoli tara gare shi. Dubi inda aka bar giɓi: na USB a can ƙarshen layi yake, na sauti kuwa fil na takwas ne babu, wato na kusa da ƙarshe. Kada ka danna da ƙarfi. In ya ƙi shiga, ba wurinsa ba ne.

Akwai kuma batun zamani. Kamfanin Intel ya fito da AC'97 a 1997, sannan HD Audio ya gaje shi a 2004. Bakinsu iri ɗaya, amma aikin filolin ya bambanta. HD Audio ne ke gane cewa an soka hedfon, ya sanar da kwamfuta ta kashe lasifika. In faifanka tsohon yayi ne, madabod da yawa suna ba ka damar zaɓar AC'97 a cikin BIOS. Aibin faifan ɗaya da na sani da kunnena: wayar tana ɗaukar ƙara. Na taɓa jin wani siririn tsiii duk lokacin da na motsa linzami, sai da na janye wayar daga jikin katin hoto na ɗaure ta a gefen akwati kafin ya lafa.

Na USB ba ya son sukuddireba. Ka soka, Windows ta gane shi, shi ke nan. Tun da a wajen akwati yake mayar da lambobi su zama sauti, ƙarar ciki ba ta cika damunsa ba. Sai dai yana cinye maka rami guda, yana leƙowa waje inda gwiwa ko hannun yaro zai iya karya shi, kuma masu arha sukan sa makirufo huci.

Inda ya yi wa faifai fintinkau shi ne kwamfutocin tokunbo na ofis, irin su Dell da HP, domin wasunsu mahaɗin gabansu na kamfani ne, faifan kasuwa ba ya hawa. Mai irin wannan, in ramin gabansa ya mutu, ya sayi na USB kawai. In kuma iyafis na wayar salula zai yi amfani da shi, mai zobe uku a baki, ya haɗa da 'yar waya mai raba shi gida biyu, in ba haka ba makirufon ba zai yi aiki ba.